Tsofaffin gidajen Balad da suka koma otal: me bango zai iya ɗauka?

Bahaushen Jidda ya san Balad, tsohuwar unguwar birnin, da ciniki. Can ake zuwa neman yadi da turare da abaya, can ake raka baƙi alhazai sayen tsaraba, a shiga ta Bab Makka ko Bab Sharif, a ratsa Suƙ Alawi a ɓulla Shari' Gabil. Ido yana kan kaya da farashi. Ba kasafai ake ɗaga kai a dubi gidajen da ke yi wa mutum inuwa ba, masu hawa huɗu da biyar, da tagoginsu na katako da suka turo kai waje kamar an rataye akwatuna a jikin bango. A 'yan shekarun nan dole ta sa an fara ɗaga kai, domin ma'aikata da ƙarafan tokare gini sun cika lunguna. A shekarar 2024 kuma aka buɗe uku daga cikin gidajen a matsayin otal na alfarma: Bait Jokhdar da Bait Al-Rayyis da Bait Kedwan.

Tun daga nan magana ta rabu biyu a majalisun mutanenmu. Wasu na cewa da babu gara ba daɗi: gidan da ke shirin faɗuwa, in zama otal zai tsirar da shi, ina aibu? Wasu na cewa gidan da talaka ke wucewa ta gindinsa shekara da shekaru, yanzu sai mai kuɗi ne zai ga cikinsa. Kowa da hujjarsa, kuma za a zo kan ta biyun. Amma akwai tambayar da ta riga su duka, wadda magina da masu aikin famfo suka fi kowa saninta: shin gidan zai iya ɗaukar abin da otal ke nema? An gina gidan Balad a garin da ruwa ke tsada, aka tsara shi don iska ta riƙa ratsa shi dare da rana. Otal na alfarma kuwa wanka yake sayarwa da sanyi, a ɗaki rufaffe. Duk wahalar aikin a nan take.

Tarihin a taƙaice. Halifa Usman ɗan Affan, Allah Ya yarda da shi, shi ya mayar da Jidda tashar jiragen ruwan Makka a shekara ta 26 bayan hijira. Amma yawancin manyan gidajen da ake gani yau na ƙarni na 19 ne da farkon na 20, musamman bayan buɗe mashigin Suwes a 1869, lokacin da fatauci ya bunƙasa. Bait Nasif, wanda aka gina tsakanin 1872 da 1881, nan Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya shigo Jidda a 1925. A 1947 aka rushe ganuwar birnin, arzikin mai ya zo, iyalan da suka gina gidajen suka yi ta komawa sababbin unguwanni a arewa. Gidajen suka koma na haya da ɗakunan ajiyar kaya. Magajin gari Muhammad Sa'id Farsi ya yi ƙoƙarin hana rushe su a zamaninsa, a 2014 kuma UNESCO ta sa unguwar cikin jerin wuraren tarihi na duniya. A 2019 aka ware riyal miliyan 50 don ceto gine-gine 56 da ke dab da faɗuwa, a 2021 aka ƙaddamar da babban shirin farfaɗo da unguwar, a 2023 kuma asusun zuba jari na gwamnati ya kafa kamfanin raya Balad. Otal-otal ɗin nan 'ya'yan wannan shiri ne.

Sai an san yadda aka gina gidan kafin a gane abin da ke cutar da shi. Dutsen da aka yi aiki da shi, wanda mutanen Hijaz ke kira mangabi, daga bakin teku ake haƙo shi. Asalinsa murjanin teku ne da ɓawon halittun ruwa da suka daskare. Ba shi da nauyi, yana saruwa cikin sauƙi, yana da huji-huji kamar soso, kuma tun daga mahaƙa yake zuwa da gishirinsa. Ana jera shi da laka irin wadda ake ɗibowa daga tabkin Arba'in, a yaɓe shi da nura, wato farar ƙasar da ake ƙonawa a jiƙa. Bango yana da kauri a ƙasa, wajen santimita 80, yana raguwa hawa-hawa don a rage nauyi. Harsashin ba shi da zurfi, ƙasar kuma ta gaɓar teku ce, ruwa na kusa.

Abin da ke riƙe wannan dutse mai rauni har ya kai hawa biyar shi ne takalil. Itatuwa ne da ake shimfiɗawa a kwance cikin bango, kamar kowace mita ɗaya ko ɗan fiye, su zagaye ginin kamar ɗamara. Suna rarraba nauyi, suna hana tsaga ta zarce daga ƙasa zuwa sama, kuma idan ƙasa ta ɗan lotsa bango yana iya bin ta ba tare da ya ɓalle ba. Suna da wani amfani da ya fi wannan burgewa: magini na iya tokare bango daga kan takalil, ya zare duwatsun da suka ruɓe a ƙarƙashi, ya sa sababbi, alhali gidan na tsaye. Wannan aikin shi tsofaffin magina ke kira ta'aliƙ, wato rataye gini. Wanda ya san yadda azara ke riƙe soro a Kano ko Zariya ba zai sha wahalar gane wannan ba. Rufin kowane hawa kuma itatuwan gandal ne a jere, da allo ko tabarma a kansu, sannan ƙasa da nura.

To, ruwa nawa wannan gida ya saba da shi? Kaɗan ƙwarai. Jidda ta daɗe tana fama da ƙishirwa. Ruwan sama ake tarawa a sahrij, wato ramin ajiyar ruwa, 'yan garuwa kuma su kawo saura a kafaɗa. Wajen 1907 aka kafa injin tace ruwan teku da ake kira kindasa, ruwan Ainul Aziziyya kuma bai iso garin daga Wadi Fatima ba sai a 1947. Ke nan gida mai mutum ashirin yana iya wuni da garwa ƙalilan. Yanzu a kwatanta da shawa irin ta otal mai tsada, wadda ke zubo lita 15 zuwa 20 a minti ɗaya. Wankan minti goma na baƙo ɗaya ya kai garwa takwas zuwa goma. Duk wannan ruwa sai ya hau sama ta bututu, ya sauko ta wani, a cikin ginin da lakarsa ke narkewa kuma itatuwansa ke ruɓewa idan sun jiƙe.

Ruwa ya riga otal fara ɓarna a Balad. Lokacin da gidajen suka koma na haya, an rarraba ɗakuna, an fasa bango an zura bututu, an kafa banɗaki inda ba a tanada ba. Yoyo kaɗan-kaɗan na shekaru ya jiƙa takalil, gara ta samu abinci. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ƙaru saboda yoyon bututun gari da ramukan bahaya. Bai kamata a ɗora laifin a kan 'yan haya ba, domin gyaran bango haƙƙin mai gida ne, kuma gidaje da yawa na magada ne masu yawa ko wakafi, babu wanda zai yanke shawara shi kaɗai.

Sai kuma siminti, wanda aka kawo da sunan magani. Duk wanda ya taso a birnin Kano ya ga abin da ke faruwa idan aka yi wa katangar ƙasa filasta da siminti. Shekara biyu ko uku tana kyau, sannan ka ƙwanƙwasa ka ji ta zama ganga, wata damina kuma ta ɓallo falle guda, ƙasar bayanta ta zama gari. Haka yake yi wa mangabi, har ma ya fi. Dutsen yana tsotso danshi daga ƙasa tare da gishiri. Idan yaɓen nura ne, danshin na fita ta jikinsa, gishirin ya taru a yaɓen, yaɓen ya lalace a sake wani, dutse ya tsira. Aikin yaɓe ke nan, ya mutu a madadin dutse. Siminti kuwa yana toshe hanya. Danshin sai ya ƙara hawa sama yana neman mafita, gishirin ya daskare a cikin dutsen kansa, yana kumbura yana farfasa shi daga ciki. Fenti mai sheƙi irin na roba da tayil a gindin bango duk aikinsu ɗaya da siminti.

Saboda haka gyara na gaskiya ba ya farawa da ado. Da farko a tokare ginin, a kwashe shara da duk ƙarin da aka yi na bulo da kankare a saman rufi, domin nauyi ne da ba a gina gidan da shi ba. A auna komai, a zana, a ɗauki hoton kowace taga da kowace ƙofa, a sa musu lamba kafin a cire ko ɗaya. A manna ma'auni a kan kowace tsaga, a riƙa karantawa har shekara ta zagayo, domin tsagar da ke buɗewa da zafi ta rufe da sanyi daban take da wadda ke ƙaruwa kullum. Ta farko numfashin gini ce, ta biyu harsashi ne ke tafiya. Wanda ya cike tsaga bai san wace iri ba ce, ya rufe bakin da zai gaya masa gaskiya. Bayan haka a tsayar da ruwa daga tushensa: a gyara magudanar titi, a rufe tsofaffin ramuka, a gyara indararo. Idan za a rage ruwan ƙarƙashin ƙasa, a yi a hankali, domin zuƙe shi da sauri yana sa ƙasa ta lotsa, gidan maƙwabci ma ya tsage.

Daga nan a kankare siminti da hannu, da guduma ƙarama da kurfi, ba da injin da ke girgiza bango ba. A bar bango ya sha iska watanni. Inda gishiri ya yi yawa ana shafa masa laka ko dusar takarda jiƙaƙƙiya, ta bushe ta tsotso gishirin, a ɓamɓare a sake, sau da yawa. Sannan a bi takalil ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ruɓe a yanke iya inda ya ruɓe a haɗa da sabon itace busasshe da aka yi wa maganin gara, ba a maye gurbinsa da ƙarfe ko kankare ba, domin ƙarfe yana tsatsa a iskar teku, tsatsa kuma tana kumbura ta fasa dutse.

Nura ita ma tana da ƙa'idarta, kuma nan ne gaggawa ke kashe aiki. Ana ƙona dutsen a zafin da ya kai wajen digiri 900, a jiƙa shi da ruwa ya tafasa ya zama kamar kindirmo, a bar shi a rami ƙarƙashin ruwa aƙalla wata uku. Ana haɗa awo ɗaya na nura da awo biyu da rabi zuwa uku na yashi. Yashin ya zama wankakke, ba na bakin teku ba, ruwan kwaɓi ma ya zama mai daɗi, in ba haka ba an mayar wa bango gishirin da aka sha wahalar cirewa. Ana yaɓawa sau uku, kowane kaurinsa bai wuce kamar santimita ɗaya ba, a bar kwanaki tsakani, a rufe da buhu jiƙaƙƙe don rana kada ta busar da shi da wuri. Dalili shi ne nura ba bushewa kaɗai take yi ba, iska take sha a hankali har ta koma dutse. Idan ta bushe kafin ta sha, sai ta zama gari a taɓa ta zube. Ɗan kwangilar da aka ba wa ranar buɗe otal yana da jarabar zuba ɗan siminti a cikin kwaɓin don ya kama da wuri. Ba a ganin wannan da ido ranar buɗewa, sai bayan shekaru.

Duk wannan gyaran gida ne kawai. Yanzu ne otal zai shigo da buƙatunsa, kuma ta farko ita ce banɗaki a kowane ɗaki.

A yi lissafi. Daɓen siminti mai kaurin santimita 5 yana da nauyin kilo 115 a kowace murabba'in mita. Marmara mai kaurin santimita 2 ta ƙara kilo 54. Banɗaki mai murabba'in mita 8 ya tashi da fiye da kilo 1,300 tun ba a sa komai ba. A kawo bahon wanka na dutse ko na ƙarfe mai kilo 150, a cika shi da lita 250 na ruwa, mutum ya shiga, an ƙara kusan rabin tan a wuri ɗan ƙarami. Duka wannan a kan itatuwan gandal da aka jera don tabarma da katifa da akwatin tufafi. Mafita ita ce a gina banɗakin kamar akwati mara nauyi a cikin ɗaki, da tire guda a ƙarƙashinsa wanda ba ya yoyo, da tazara tsakaninsa da tsohon bango don iska ta wuce. A jera banɗakunan hawa-hawa a kan juna, yadda bututu duka za su bi rami ɗaya da ake iya buɗewa a duba, maimakon a binne su cikin mangabi. A sa na'urar da ke ƙara idan ta ji ruwa a ƙasan tire. Baho kuwa, in ya zama dole, a bar shi a hawan ƙasa. Ɗakin da ba zai karɓi banɗaki ba sai an sare takalil, a haƙura da shi, ya zama falo ko ɗakin karatu. A ganina wannan ce ma'aunin farko na aikin kirki: ɗaki nawa aka haƙura da su.

Buƙata ta biyu mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Babu baƙon da zai biya kuɗi mai yawa ya kwana cikin zufa a watan Agusta a Jidda, wannan gaskiya ce. Amma ga abin da ke faruwa. Idan zafin waje digiri 35 ne, danshin iska kuma kashi 60 cikin 100, duk abin da sanyinsa ya yi ƙasa da digiri 26 zai yi raɓa, kamar kwalbar ruwan sanyi da aka fito da ita daga firji. Baƙo ya sa ɗaki a 19 ko 20. Iskar waje mai danshi ta kutso ta hujin dutse da tsagogin katako, ta gamu da sanyi a cikin bango, ta zama ruwa daidai inda kawunan itatuwa suke. Itace kuwa idan danshinsa ya wuce kashi 20 cikin 100 ya daɗe a haka, ruɓa ta kama shi. Akwai kuma gishiri: irin wanda muke ci yana narkewa idan danshin iska ya haura kashi 75, ya sake daskarewa idan ya sauka. Ɗakin da ake kunna wa mukayyif idan da baƙo, a kashe a buɗe taga idan ya tafi, yana tsallaka wannan iyaka kullum, kowane tsallake kuma gishirin na ƙara cin dutse. Abin da ya fi dacewa shi ne sanyi matsakaici wanda ba ya canzawa, wajen 24 zuwa 25, da na'urar rage danshi mai riƙe shi tsakanin kashi 50 da 60, da fanka a sama. Ruwan da mukayyif ke ɗigarwa, wanda ke iya kai lita ɗaya ko biyu a awa a irin wannan yanayi, a ba shi bututunsa har magudana. Wanda ya bi lungunan Balad ya ga baƙin layin da ɗigon tsofaffin mukayyif ya zana a bango, da yadda dutse ya zaizaye a ƙarƙashinsa.

A Al-Ula, can arewa maso yammacin Saudiyya, an bi wata hanya. Otal ɗin Dar Tantora, mai ɗaki 30 a cikin tsohon garin ƙasa, ya rage lantarki ƙwarai, ya dogara da kyandir da fitilu da kaurin bango. Amma iskar Al-Ula busasshiya ce, dare kuma yana sanyi. Jidda ba ta da wannan gata.

Roshan, wato tagar katakon nan da ta sa Balad ta yi suna, shi ne mukayyif na asali. Yana tace rana, yana shigo da iskar teku, yana ba matan gida damar ganin titi ba a gan su ba, a cikinsa kuma ake ajiye tulunan ruwa su yi sanyi. Iskar da ta shigo ta nan tana hawa ta matakala ta fita ta sama, inda mabit da kharja suke, ɗakin kwana da filin shan iska na lokacin zafi. Da zarar an sa gilashi an rufe, roshan ya zama hoto. Hanyar da ta fi sauƙin illa ita ce a sa gilashin daga ciki, a bayan roshan, a firam ɗinsa daban wanda ake iya buɗewa, yadda katakon zai ci gaba da zama cikin iskar da ya saba da ita, a watannin sanyi kuma a buɗe gaba ɗaya. Katakon da aka kankare a shafa masa mai da ke shiga jiki. Fenti mai rufe fuska yana tsare danshi a ciki.

Gobara ita ce abin da ke hana masu wannan aiki barci, Balad kuma ta sha ganin ta. Gidan yana da matakala ɗaya, wadda ita ce ƙashin bayan ginin, kuma ita ce hanyar hayaƙi idan wuta ta tashi. Fuskar gidan katako ne busasshe tun daga ƙasa har sama. Lungu ba ya ɗaukar babbar motar Difa'ul Madani, wato 'yan kwana-kwana. Kan famfon kashe gobara na yau da kullum, irin wanda ake maƙalawa a rufin ɗaki, yana zubo lita 50 zuwa 100 a minti, wanda zai kashe wutar ya kuma jiƙa laka da rufi, garin neman gira a rasa ido. Shi ya sa a irin waɗannan gine-gine ake fifita mai fesa ruwa kamar hazo, wanda ke cin ruwa kaɗan. Wayoyin lantarki duka sababbi, cikin bututun ƙarfe a fili ko ƙarƙashin daɓe. Babban kicin mai gas da tukwanen suya bai kamata ya zauna cikin tsohon gidan ba sam. Asansir, wato lif, ma haka: na yau da kullum yana son rami mai zurfin mita ɗaya ko fiye, a ƙasar da ruwa ke kusa, dab da harsashi mara zurfi. Akwai ƙanana masu buƙatar rami kaɗan, kuma a tsayar da su da ƙafafunsu, kada su jingina da tsohon bango. Inda bai yiwu ba, a tanadi ɗaki mai kyau a hawan ƙasa don tsofaffi da masu keken guragu.

Wannan ya kawo mu ga kuɗi, da dalilin tsadar kwana. Gidajen nan uku a haɗe ba su kai ɗaki ashirin ba. A ɗauki misali kawai: gida mai ɗaki 8 da ke cika kashi 60 cikin 100 na shekara yana sayar da kwana 1,752. Dogon otal mai ɗaki 200 a kan Kurnish, titin bakin teku, da irin wannan cika, yana sayar da 43,800. Amma dukansu suna buƙatar mai karɓar baƙi dare da rana, da mai gadi, da mai dafa abinci, da mai gyaran lantarki. Ƙaramin kuma yana da ƙarin nauyin da babban ba shi da shi: yaɓen nura da za a riƙa sabuntawa, da kafinta, da mai duba gara. Ba yadda za a yi ɗaki 8 su ɗauki wannan da farashin masaukin alhazai. Abin da ke rage nauyin shi ne a haɗa gidaje da yawa ƙarƙashin hukuma ɗaya, kicin da wanki da tankunan ruwa da injuna su zauna a wani gini sabo ko mara daraja a kusa, a riƙa kai wa kowane gida. Dabarar mayar da gidan tarihi masauki ba sabuwa ba ce, Sifaniya ta fara nata tsarin na gwamnati tun 1928. Haɗarin da ke cikinta shi ne ranar da ciniki ya ja baya, abin da ake fara yankewa shi ne kuɗin kula da bango, domin baƙo ba ya ganin sa.

Fadojin da kamfanin Boutique Group, wanda aka sanar da kafa shi a Janairun 2022, ya karɓa don mayarwa otal, labarinsu daban ne: Fadar Hamra a Jidda, da Fadar Tuwaiƙ da Jar Fada a Riyad. Jar Fada an gina ta a shekarun 1940 don Yarima Sa'ud, daga baya ta zama mazaunin majalisar ministoci. Waɗannan gine-ginen zamani ne masu faɗi, ciwonsu tsatsar rodi ne da tsofaffin wayoyi, kuma suna da wurin ɓoye bututu. Abin tsoro a can shi ne a yanyanka manyan zauruka don a samu ɗakuna.

Me zai faru idan ba a yi komai ba? Amsar tana tsallaken teku. Sawakin ta Sudan, inda kakanninmu da suka taho aikin hajji a ƙasa suke jiran jirgin ruwa zuwa Jidda, da irin wannan dutse da irin waɗannan tagogi aka gina ta. Da aka buɗe tashar Bur Sudan a 1909 fatake suka ƙaura, aka daina yaɓe, aka daina gyara indararo. Ba wanda ya rushe ta da gangan, amma yau yawancin tsibirin tarin duwatsu ne, sai 'yan gine-gine da Turkiyya ta taimaka aka gyara. A ɗaya gefen kuma akwai kagarar Ajyad a Makka, wadda aka rushe a 2002 aka gina dogayen benayen agogo a wurin. Idan aka dubi waɗannan biyun, otal da ya bar gida a tsaye da bangonsa na asali abu ne da ya cancanci a goyi bayansa, kuma ina goyon bayansa.

Sai dai masu ƙorafi ma ba su yi kuskure ba. Gine-ginen tarihi a Balad sun haura 600. Ko an ninka otal-otal sau goma, kaɗan ne daga ciki za su samu wannan gata. Sauran suna buƙatar abin da ya riƙe su tun farko: mutane a ciki, masu buɗe taga da safe, masu ganin yoyo ranar da ya fara. Gidan da aka gyara aka kulle yana lalacewa da sauri fiye da wanda ake kwana a ciki. Mutanenmu da rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 ya tasa daga Sabil da Karantina da Gulail da Hindawiyya suna da dalilin sauraron kalmar gyara da kunne biyu. Unguwar da masu shaguna da masu gasa burodi da limaman ƙananan masallatai suka bar ta, baƙon ma ba zai samu abin da ya zo gani ba. Akwai abubuwa masu sauƙi da za su rage wannan tazara: a bar dihliz, wanda shi ne zauren gidan Hijaz, a buɗe ga mai wucewa a wasu sa'o'i, a ware ranakun da ɗalibai za su zaga gidan, a kuma bar wasu gidajen da aka gyara su zama na haya mai sauƙi da shagunan masu sana'a.

Akwai kuma ƙofa a nan ga matasanmu da ke aikin gini da kafinta da famfo. Mai iya bulo da siminti ya yi yawa a Jidda. Mai iya kwaɓa nura, ya rataye bango, ya haɗa roshan ba tare da ƙusa ta fasa katako ba, shi ne ake nema, kuma gidajen nan za su buƙace shi muddin suna tsaye, domin yaɓen nura ba a yin sa sau ɗaya a gama. Ɗan da ya ga kakansa yana yaɓe da makuba ya riga ya san rabin karatun: bango yana numfashi, kuma ana bin sa kowace shekara.

Ranar buɗewa kowane gida yana kyau. Wanda ke son sanin ko aikin ya yi, ya koma bayan shekara biyar, a ƙarshen zafi, ya dubi mita ɗaya ta farko daga ƙasa. Idan ya ga farin gishiri a fuskar yaɓe, yaɓen na ɗan zubowa kamar gari, wannan ba abin tsoro ba ne, nura ce ke aikinta, sabuntawa kawai take so. Idan ya ga yaɓe sumul yana sheƙi amma ya ƙwanƙwasa ya ji ganga, an sa siminti. Ya ɗaga kai ya dubi ƙarƙashin roshan da layin takalil, ko akwai baƙin tabo ko hanyar gara. Ya shiga ɗakin da ke ƙarƙashin banɗaki ya shaƙi iskarsa kafin a kunna turare. Sannan ya tambayi ma'aikata ko akwai watan da ake rufe ɗakuna don magina su shiga, da kuma wanda ke riƙe da littafin ma'aunin tsaga.